Hannun Ozell Tela

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan layin dogo ya san Ozell Mabry, dogon dattijon nan mai sa hula da hannun hagu. Ba bahago ba ne. Hannun daman ne ya daina wuce kafaɗa tun da daɗewa, sai ya bar shi yana reto a gefe kamar baƙon da aka rasa inda za a sauke shi. Da safe ya tafi injin yankan katako ya share garin zarto, da yamma ya zauna a barandar gidansa yana kallon wucewar jirgin ƙasa. Kawu Tela ake ce masa, kuma da yawan masu kiran sun ɗauka ɗinki ya taɓa yi. Allura kuwa bai taɓa riƙewa ba. A filin besbol ya samo sunan, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da kulki.

A gonar auduga aka haife shi, nan jihar Alabama, gefen kogin Tombigbee. Gonar ta wani farar fata ce, uban Ozell yake nomawa a raba amfani, irin rabon da kura ke yi da akuya. Ya tashi ba mai yawan magana ba, amma in ya ɗauki dutse ya auna kurege a kan reshe, to ranar akwai nama a tukunya. Ran Asabar bayan an tashi daga gona samari kan haɗu a makiyaya su yi wasa, shi ne mai jifa, kuma tun bai yi gashin baki ba manyan maza suke kai wa ƙwallonsa duka da kulki suna shan iska.

A nan Baba Purvis ya tsince shi. Baba Purvis shi ne mai ƙungiyar Zakarun Kogi, shi ne kocinta, shi ne direba, in mota ta lalace kuma shi ne makanike. Motar wata tsohuwar bas ce da suke kira Lula, mai tari kamar tsohuwa mai shan taba. Ya je har gona ya roƙi uwar Ozell, ta ce ta yarda amma a tabbata yana zuwa coci. Baba Purvis ya rantse. Coci-cocin da Ozell ya fi gani bayan nan ta tagar Lula yake hango su.

Rayuwar hanya ce, ba ta da wani daɗi da za a ba da labari. Yau wannan gari, gobe wancan, wani lokaci wasa biyu a yini ɗaya. Kayan wasa ba sa bushewa, a taga ake rataye su iska ta yi abin da za ta iya. Abinci kifin gwangwani da biskit, in an dace da gidan abincin da zai sayar musu ta ƙofar baya, a ci a tsaye. Masauki kuwa, garin da babu gidan baƙi na baƙar fata, kujerar Lula ce gadonka. Abokin kujerar Ozell shi ne Cleotis Dunn, mai cafka, wanda ke tsugunawa bayan mai duka yana tare masa ƙwallo. Gajere ne kakkaura, bakinsa ba ya hutawa, yatsunsa duk sun karkace don shan jifa. Yakan ce shi da Ozell auren dole aka yi musu, ba saki.

Dokar Baba Purvis ɗaya ce, shi ma gadonta ya yi. In da 'yan'uwanku baƙaƙe kuke wasa, ku ci junanku kamar ba gobe. Amma rabin abincin ƙungiya irin tasu a ƙananan garuruwan fararen fata yake, inda ake gayyato su su kara da ƙungiyar gari, mutane su taru su sha kallo. A can ba a cin mutum cin wulaƙanci. Ka ci da tazarar maki ɗaya, ko biyu in fuskokin mutane a sake suke. Wani lokaci ma ka bari a ci ka don a sake kiran ka baɗi. Tun kafin zuwan Ozell akwai shekarar da Zakaru suka manta da kansu suka yi wa wani gari cin kaca. Ba su kai gadar fita garin ba aka tare su. Akwai wani ɗan wasansu mai yawan dariya, daga ranar yatsunsa ba su ƙara riƙe ƙwallo ba. Shi ya sa har abada Baba Purvis ba ya ajiye Lula sai hancinta na kallon titi.

To sassauci ba ƙaramin aiki ba ne. In ka yi shi a fili, ka zagi mutum sau biyu. Dole ya ci, kuma ya tafi gida yana gaya wa matarsa da ƙarfinsa ya ci. A nan Allah ya ba Ozell baiwa ta biyu, wadda ta zo ta danne ta farko. Kafin a fara wasa zai bincika wane ne ɗan shugaban 'yan sanda, wane ne budurwarsa ta zo kallo. Zai riƙe wasan a hannu har a yi nisa. In Cleotis ya ji iskar wurin ta fara sauyawa, sai ya cire takunkumin fuskarsa ya share gumi da hannun riga. Alamar ke nan. Daga nan Ozell zai fara murza kafaɗa yana yamutsa fuska kamar wanda gajiya ta kama, ya rage wa ƙwallon gudu kaɗan, ya ajiye ta daidai inda kulkin mutum yake son ta. A ji ƙau, fili ya kaure da ihu. Ba a taɓa kama shi ba. Yana yanka wasa daidai jikin kowane gari, ba tsawo ba gajarta, shi ya sa Cleotis ya laƙaba masa Tela.

Ya auri Vernice, mai wanki da guga a gidajen fararen fata, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya. Rabin shekara ba ta ganin sa. In ya dawo da sanyi, ita ke shafa masa man zafi a kafaɗa tana mita. Takan ce ya iya ɗinka wa kowa riga daidai jikinsa, tasa ce har yau ba a sa mata hannu ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya juya mata ɗaya gefen.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, Lula tana tari, ana sauya mata taya. Waɗanda suka gan shi a wasan baƙaƙe zalla, inda ba ya ɓoye komai, har gobe suna cewa ba su ga mai jifa irinsa ba. Amma irin wannan wasa fararen jaridu ba sa zuwa.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai ƙofar nan da aka ce ba za ta taɓa buɗewa ba ta ɗan buɗe. Manyan ƙungiyoyin fararen fata suka fara ɗaukar baƙaƙe, ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Murna a unguwannimu ba a magana. Sai dai matasa ake ɗauka, kuma mutanenmu suka koma jikin rediyo suna sauraron manyan wasanni, filin Zakaru ya fara zama wayam. Ozell a lokacin ya ba talatin da biyar baya, ko da yake kamar kowa yakan rage 'yan shekaru in an tambaye shi. Kafaɗar da ya daɗe yana murzawa da gangan ta fara ciwo da gaske. Ya san abin da ya rage masa a hannun nan bai wuce damina ɗaya ko biyu ba.

Ana nan sai labari ya zo ta bakin wani wanzami, shi ma daga wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ji. Wani mai farautar 'yan wasa na wata babbar ƙungiya daga Arewacin ƙasar zai zo wani garin fararen fata mai masaƙa ranar bikin 'yancin ƙasa, ranar da Zakaru za su yi wasa a can. Zuwansa don ya duba ɗan manajan masaƙar ne, wani saurayi mai ƙarfin duka. Amma an ba shi labarin wani baƙar fata da ake kira Tela, ya ce zai duba shi shi ma, tunda dama zai zo. Kallo ɗaya ne. Irin waɗannan mutane ba sa dawowa.

A hanya ba wanda ya tayar wa Ozell da maganar sai da suka hango hayaƙin masaƙa. Baba Purvis bai juyo ba, idonsa na kan titi ya ce, "Ozell, tun kana ɗan saurayi hannunka ke ciyar da motar nan. Yau ka yi jifa don kanka. Abin da zai biyo baya, ni na san inda zan ajiye Lula."

Ozell ya ce, "Baba, ba ni kaɗai ba ne a motar."

Cleotis ya yi caraf ya ce, "Wa ya tambaye ka? Mun gama magana tun kana minshari. Yau ko gumi zai makantar da ni ba zan cire takunkumi ba. Kai dai in ka isa Arewa ka aiko mini da kwat irin ta masu wa'azi, da mace mai haƙuri a aljihun."

Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

Baƙaƙen garin ne suka sauke su a harabar cocinsu, kamar kowace shekara. 'Yan tsiraru ne, masu shara da dako a masaƙar, da masu aikin gida. Aka kawo soyayyen kifi da burodin masara da ganye dafaffe. Wata tsohuwa da ake kira Mama Zenobia ce ke zuba wa kowa, tana ƙara wa wanda bai roƙa ba. Da ta zo kan Ozell ta cika masa faranti ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ku yi wasa mai kyau, ɗana. Ku dai tuna mu a nan muke kwana." Haka take faɗa kowace shekara. Ba ta san da zuwan wani baƙo ba.

Filin ya cika maƙil, ga tutoci, ga 'yan busa. An ja igiya can gefen rana an ware wa baƙaƙe wurinsu. Ozell bai sha wahalar gane mai farautar 'yan wasan ba: yana zaune daidai bayan mai cafka, da hular kaba da farar riga, shi kaɗai ne ba ya ihu.

Ya hau tudun jifa, ya yi abin da bai taɓa yi ba a gaban fararen fata. Ya saki hannunsa duka.

Ƙwallon farko da ta faɗa safar hannun Cleotis sai da aka ji ƙararta har bakin masaƙa. Mai duka na farko ya kai sau uku ya sha iska sau uku, aka fitar da shi, ya koma yana duba kulkinsa kamar shi ne mai laifi. Na biyu haka, na uku haka. Ɗan manaja ya shigo ana tafa masa, saurayi ne kyakkyawa mai faɗin ƙirji. Ozell ya aika masa wadda ke zuwa kamar za ta doki haƙarƙari sannan ta karya ta faɗi, yaron ya juya har ya kusa zama. Kafaɗar ba ta yi ko ƙorafi ba. Ozell ya ji jikinsa kamar a makiyayar can ta gefen kogi, kafin ya san akwai wani abu wai shi sassauci. Zagaye shida aka yi cikin taran da ake yi ba wanda ya taɓa masa ƙwallo da kyau, Zakaru kuwa sun ci huɗu, gari ba ko ɗaya. Mai hular kaba ya daina jingina, ya matso gaba.

Da farko zagi ake yi, irin wanda aka saba, da sunayen da ba sai na maimaita ba. Zagi bai taɓa damun Ozell ba. Duk wanda ya yi yawo a Lula ya san muddin ana zagi, lafiya lau ake. Wanda ke zagi yana cikin nishaɗi. A zagaye na bakwai ne zagin ya ɗauke. 'Yan busa suka ajiye kayansu. Fili mai ɗauke da rabin gari ya yi tsit, har kana jin kaɗawar tuta.

Yana goge ƙwallo a cinyarsa ya ɗan waiga. Wasu maza sun sauko daga wurin zama sun nufi inda Lula take, ba sauri suke ba. Ɗaya ya zauna a kan hancinta ya kunna taba. Baba Purvis yana tsaye nesa kaɗan, hula a hannu. Wannan bai tsorata Ozell sosai ba, sun yi shawara, sun san da haka. Sai idonsa ya kai bayan igiya. Mutanen cocin sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kansu a ƙasa, ba mai gudu. Mama Zenobia ba ta tafi ba. Tana tsaye da kwandon da ta kawo kifi a ciki, ta rungume shi a ƙirji, ba wasan take kallo ba, fuskokin mutanen da take wa wanki take kallo.

Akwai 'yan gari biyu a kan sansani, inda ake tsayawa a jira dukan da zai ba da damar kewayowa a ci maki, ɗaya ta kuskuren mai tsaro, ɗaya ya samu ta sa'a. Ɗan manaja ya sake shigowa, fuskarsa ja wur, ubansa yana zaune kusa da baƙon. Ozell ya dubi Cleotis. Gumi na zuba ta cikin takunkumin har yana ɗiga a ƙasa, amma Cleotis bai taɓa shi ba. Ya nuna yatsa ɗaya, wato a jefo ƙwallo mai gudu, da dukan ƙarfi. Ozell ya gyaɗa kai. Har ya mutu yana cewa da ya gyaɗa kan nan, mai gudun ya yi niyya.

Sai ga shi ya murza kafaɗa. Ya yamutsa fuska. Hannun ya tashi, ya sauko, ya ajiye ƙwallon a tsakiya, daidai ɗamara, ya rage mata gudu ɗan kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ranar ban san ko wawa ne aka ɗaure ba.

Yaron ya ɗauke ta har bayan shinge. Maki uku a take, nasa da na biyun da ke kan sansani. Filin ya fashe da ihu, huluna suka tashi sama, 'yan busa suka ɗauki kayansu, zagi ya dawo da daɗinsa. Mutumin da ke kan hancin Lula ya sauko da gudu ya zo ya ga abin da ya wuce shi. Ozell ya riƙe sauran wasan kamar yadda ya saba, yana ba da kaɗan yana hanawa, aka tashi huɗu da uku. Zakaru sun ci, gari ya kusa ci, kowa ya tafi gida da abin faɗa. A duk ɗinkin da ya yi a rayuwarsa babu wanda ya kai wannan kyau.

Suna tattara kaya mai hular kaba ya zo, manaja da wasu manyan gari suna biye da shi. Ba mugun mutum ba ne, har hannu ya so ya miƙa, sai ya tuna inda yake ya mai da shi aljihu.

Ya ce, "Yaro, kana da hannu. Na daɗe ban ga zagaye shida irin waɗannan ba. Amma ba ka da ƙarko. Na ga lokacin da kafaɗar ta tafi, tun kafin ka jefa na san ta tafi. Da shekara goma baya ne, da mun yi magana."

Cleotis ya buɗe baki. Ozell ya taka masa ƙafa. Me zai ce? Ya ce a gaban manaja da manyan gari kyauta aka ba ɗansu, kuma duk cin da suka yi ta murna da shi shekara da shekaru sadaka ce? Lula ba za ta kai gada ba, cocin can ma ba zai ga Lahadi ba.

Ozell ya cire hula ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Tsufa ne."

Ɗan manaja aka ɗauka. Baƙon ya ce duk wanda ya iya ɗauke ƙwallon wannan baƙar fata har bayan shinge, akwai abu a jikinsa.

Lula ta wuce gada lafiya. Mama Zenobia ta sa an ajiye musu sauran kifin a kujerar gaba, a naɗe cikin takarda. Aka miƙa shi baya hannu zuwa hannu. Ozell ya ci nasa a hankali, yana tsince ƙaya.

Da ya koma gida ya ba Vernice labari a taƙaice. Ya jira mitar riga da hannu, ba ta zo ba. Ta ɗauko man zafi ta ce ya juya.

Ya ƙara damina biyu a hanya, kafaɗar ta tafi da gaske, ba sai ya yi kwaikwayo ba. Ba a daɗe ba Zakaru suka watse don babu masu kallo. Baba Purvis ya sayar da Lula ga wani mai kiwon kaji, aka cire mata kujeru. Ɗan manaja kuwa bai yi nisa ba, ya ɗan taɓa wasa a ƙananan ƙungiyoyi ya dawo gida yana sayar da motoci. An ce ƙwallon nan tana kan teburinsa, duk wanda ya shigo sai ya ji labarin ranar da ya karya Tela.

Cleotis yakan zo duk bayan wani lokaci, da sanda, gwiwoyin sun gama aiki. Su zauna a baranda su yi ta zancen garuruwa da wanda ya mutu da wanda ya rage. Komai nisan hirar, nan take ƙarewa.

"Ni dai ban cire takunkumi ba, Tela."

"Na sani."

"Yatsa ɗaya na nuna maka. Ɗaya. Ko karkatattu ne, ai ka iya ƙirga."

"Na gani."

"To wa ya aike ka?"

Ozell yakan dubi hannun nan da ke kwance a cinyarsa, ya daɗe yana kallo, kamar mai kallon tsohon abokin da ya yi masa abin da ya kasa yanke wa hukunci, ko cuta ce ko taimako. Sai ya ce, "Ga shi nan, tambaye shi. Ni ma bai gaya mini ba."

Daga ciki Vernice takan ɗaga murya ta ce wake na hucewa, kuma ita ba za ta dumama wa tsofaffi biyu abinci sau biyu ba saboda ƙwallon da ta riga ta faɗa bayan shinge. Cleotis ya dafa sanda ya yunƙura yana nishi. Ozell ya kai hannun hagu ya sauke hularsa, ya riƙe masa ƙofa.